Tambayoyi da Amsoshi Kan Gano Ainihin Nauyin Manyan Fayiloli a Manhaja

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa a bakin masu rubuta manhaja a Kaduna, daga ɗaliban Kaduna Polytechnic da na Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) har zuwa samarin da ke haɗa wa masu situdiyo da makarantu manhajar ajiya. Kukansu iri ɗaya ne: manhaja tana tafiya lafiya lau da ƙananan fayiloli, ranar da aka miƙa mata bidiyon biki mai nauyin GB 5 sai ta faɗi abin da hankali ba zai ɗauka ba. An sa wa tambayoyin lamba domin amsoshin suna nuni da juna.

1. Me ake nufi da nauyin fayil, kuma ina ake ajiye shi?

Nauyin fayil shi ne adadin bayit ɗin da ke cikinsa, ba ƙari ba ragi. Tsarin ajiyar faifai, kamar NTFS a Windows ko ext4 a Linux, yana rubuta wannan adadi a cikin bayanin kowane fayil, kusa da ranar da aka taɓa shi da izinin masu buɗe shi. Don haka ba sai an leƙa cikin fayil ba kafin a san nauyinsa, kuma fayil mai KB 1 da mai TB 1 duk nan take ake samun amsarsu.

Windows da Linux da macOS na yau suna riƙe wannan adadi a lamba mai bit 64 (bit shi ne gurbi ɗaya na 0 ko 1, takwas ɗinsa ne bayit ɗaya), wadda ta ishi kowane fayil da za ka taɓa gani. Idan ka ga lambar banza, to kusan kullum kwamfuta ta faɗi gaskiya, mazubin da ka tara mata ne ya yi kaɗan.

2. Me ya sa manhajata ta ce nauyin fayil ƙasa da sifili ne, ko ta ce ƙarami ne alhali ƙato ne?

Saboda ka zuba shi a lamba mai bit 32, wato `int` a yawancin harsuna. Irin wannan mazubi, idan yana karɓar lambobin ƙasa da sifili, iyakarsa 2,147,483,647, saura bayit ɗaya a cika GiB 2 (GiB ɗaya bayit 1,073,741,824 ne). Idan ba ya karɓa, wato `unsigned`, yakan kai 4,294,967,295. Wanda ya juye tiyar gero a gwangwanin madara ya san inda sauran zai tafi. Amma a nan gwangwanin ba ya tsayawa a cike. Lambar juyawa take yi ta koma farko, kamar mitar tafiya ta tsohuwar mota idan ta ƙure.

Ga lissafin a fili. Fayil mai GiB 3 bayit 3,221,225,472 ne. A `int` mai bit 32 zai fito −1,073,741,824. Mai GiB 4 cif zai fito 0. Mai GiB 5, wato 5,368,709,120, zai fito 1,073,741,824, GiB 1 ke nan. Wannan na ƙarshe shi ya fi haɗari. Lambar da ta faɗa ƙasa da sifili kowa zai gan ta ya tsaya, amma GiB 1 lamba ce mai kama da gaskiya. Manhaja za ta kwafi kashi ɗaya cikin biyar na bidiyon, ta ce ta gama, mai situdiyo ya goge na kan kyamara, sai ranar da iyayen amarya suka zo karɓa a tarar bidiyon ya yanke tun kafin kamu.

Hanyar ganewa: ɗauki ainihin nauyin, ka riƙa cire 4,294,967,296 daga ciki. Idan ka faɗa kan lambar da manhajarka ta bayar, ka kama ɓarawon.

3. Ai kwamfutata mai bit 64 ce, ya aka yi har yanzu ina fama da wannan?

Girman injin daban, girman nau'in lamba daban. `int` na C da C++ da Java da C# bit 32 ne ko a kan inji mai bit 64. Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne `long` na C: a Linux da macOS masu bit 64 bit 64 ne, amma a Windows bit 32 ne har gobe. Shi ya sa kod ɗin da ya yi aiki a sabar Ubuntu yake ɓaci idan an haɗa shi a laftof mai Windows. A Java da C# kuwa `long` bit 64 ne ko'ina.

Sannan manhaja mai bit 32 tana iya gudana a kan tsari mai bit 64, kuma da iyakokinta take tafiya. A C ka daina dogara da `long` wajen nauyi. Yi amfani da `int64_t` ko `uint64_t` daga `stdint.h`, ko `off_t` kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 4.

4. A C an koya mana `fseek` zuwa ƙarshe sannan `ftell`. Mene ne laifinsa?

Laifinsa uku. Na farko, `ftell` tana dawo da `long`, don haka a Windows da kowane tsari mai bit 32 ba ta wuce GiB 2. Idan ta gaza takan dawo da −1, kuma mutane da yawa ba sa dubawa, sai su miƙa wa `malloc` wannan −1. Na biyu, idan an buɗe fayil a yanayin rubutu, wato `"r"` ba `"rb"` ba, ƙa'idar C ba ta yi alkawarin cewa abin da `ftell` ta bayar adadin bayit ne ba. A Windows ƙarshen layi bayit biyu ne a faifai, ɗaya idan an karanto. Na uku, ba kowane abin da ake buɗewa ne ake iya tsallakawa zuwa ƙarshensa ba. Duba tambaya ta 13.

A Linux da danginsa, tambayi tsarin kai tsaye da `stat`, ko `fstat` idan fayil ɗin a buɗe yake, ka duba cewa ta dawo da 0, sannan ka karanta `st_size`, wanda nau'insa `off_t` ne. Idan dole sai ka yi tsalle a cikin fayil, akwai `fseeko` da `ftello`. A tsari mai bit 32, kamar tsofaffin Raspberry Pi, `off_t` bit 32 ne sai ka haɗa kod ɗin da `-D_FILE_OFFSET_BITS=64`. In ba haka ba `stat` za ta gaza da kuskuren `EOVERFLOW`, buɗe fayil ɗin ma zai ƙi. Wannan tsari ya samo asali ne daga yarjejeniyar da kamfanonin Unix suka cimma a 1996 kan manyan fayiloli.

Sa wannan alama a umarnin haɗawa na aikin gaba ɗaya, kada ka rubuta ta da `#define` a fayil guda. Idan wani ɓangare na kod yana ganin `off_t` bayit 4 ne, wani kuma yana ganin 8, duk wani `struct` da suke miƙa wa juna zai karkace, kuma kuskuren zai ɓullo nesa da inda aka haife shi. Irinsa kan cinye wa mutum kwana biyu.

5. To a Windows fa?

Mafi tsabta shi ne `GetFileSizeEx`, wadda ke cika `LARGE_INTEGER`, ka karanta `QuadPart`. Idan ba ka son buɗe fayil ɗin, `GetFileAttributesEx` tana ba da nauyin a gida biyu, `nFileSizeHigh` da `nFileSizeLow`. Wajen haɗa su, mayar da na saman bit 64 tukuna kafin ka tura shi hagu da 32. Idan ka tura kafin ka faɗaɗa, ya zube.

Tsohuwar `GetFileSize` tana da tarko: 0xFFFFFFFF ce alamarta ta kuskure, alhali tana iya zama halastaccen rabin ƙasa na nauyin babban fayil, sai an kira `GetLastError` a bambance. Gara ka bar ta. Masu amfani da ɗakin karatun C na Microsoft su ɗauki `_stat64` da `_fseeki64` da `_ftelli64`, domin `_stat` tsurarta nauyin bit 32 take riƙewa. Wanda ke kan C++17 ya huta da duk wannan: `std::filesystem::file_size` tana dawo da `uintmax_t` a kowane tsari. Sai dai in ka kira nau'inta mai `error_code`, to ka duba shi, don idan ta gaza −1 take bayarwa, wadda a mazubin `unsigned` ke zama lamba mai tsawon gaske.

6. Mu da muke Python, Java, PHP ko JavaScript, mun tsira?

Python ta fi kowa sauƙi: `os.path.getsize` ko `os.stat(suna).st_size`, kuma lambobinta ba su da iyaka. Go tana ba da `int64`, Rust `u64`, `FileInfo.Length` na C# kuma `long`, amma yana riƙe tsohuwar amsa sai an kira `Refresh`. A Java `File.length()` tana ba da `long`, sai dai idan fayil ɗin babu shi 0 take cewa, ba ta yin ƙorafi. `Files.size` ta fi, don tana jefa kuskure. Kada ka ɗauki `InputStream.available()` a matsayin nauyi. Kiyasi ne na abin da za a iya karantawa yanzu ba tare da jira ba, kuma `int` ne.

PHP ce ta fi kama mutane a nan, don da ita ake gina yawancin shafukan makarantu da ƙananan kamfanoni. `filesize()` tana bin girman lambar PHP ɗin da aka girka. Buga `PHP_INT_SIZE`: in ka ga 8 kana lafiya, in ka ga 4 duk abin da ya haura GiB 2 ba abin yarda ba ne. Kafin PHP 7, a Windows 4 ne ko da a bugu mai bit 64, don haka tsohon XAMPP da aka gada a laftof abin dubawa ne. Tana kuma tuna amsar baya, sai an kira `clearstatcache()`.

A JavaScript lamba tana daidai har 9,007,199,254,740,991, wanda ya isa. Ramin yana wajen alamomin bit: `nauyi | 0` ko `nauyi >> 20` suna yanke lambar zuwa bit 32 kafin su yi aiki. Raba da 1,048,576 ka sa `Math.floor`. Masu VBA a Excel da Access kuma su sani `FileLen` tana dawo da `Long` mai bit 32.

7. Na samu lambar daidai, amma a allo ko a rumbun bayanai ta lalace. Daga ina?

Nauyi ba ya zama inda aka karɓe shi. Yana wucewa ta lissafi, ya shiga rumbun bayanai, ya fita ta JSON, ya hau allo, kuma mazubi ɗaya ƙarami a hanya ya isa ya ɓata shi. Bi sawunsa tun daga tushe. A `printf`, `%d` da `%ld` ba su dace ba: mayar da shi `intmax_t` ka buga da `%jd`, ko `long long` da `%lld`. A MySQL ginshiƙin `INT` yana tsayawa a 2,147,483,647. In an kunna yanayin tsanani zai ƙi karɓa, in ba a kunna ba zai datse ya ajiye iyakar. Idan ka buɗe tebur ka ga fayiloli goma duk nauyinsu 2147483647, ga dalilin nan, kuma maganin `BIGINT`.

Lissafi ma yana cizo tun kafin a kai GiB 2. Sandar nuna ci gaba da ke yin `an_kwafa * 100 / jimla` da `int` tana tumbatsa da zarar an wuce bayit 21,474,836, wato wajen MB 21 kacal, sai ka ga kashi ya koma ƙasa da sifili. A Java `4 * 1024 * 1024 * 1024` sifili ne ko da a `long` ka zuba shi, domin da `int` aka yi ninkin kafin a zuba. Rubuta `4L` a farko. Haka jimlar folda mai ɗauke da hotuna dubu: kowanne ƙarami ne, tarinsu ne ke ƙure mazubi.

Kada kuma ka ajiye nauyi a `float`. Mai bit 32 yana fara zubar da bayit daga 16,777,216. Ajiye bayit a cikakkiyar lamba, sai a wajen nunawa kaɗai ka mayar da shi MB ko GB.

8. Ba zan iya karanta fayil ɗin duka in ƙirga ba?

Za ka iya, amma ɓarnar lokaci ce, kuma in ka loda shi gaba ɗaya a ƙwaƙwalwa, laftof mai RAM na GB 4 zai durƙushe. A Java jerin bayit ba ya wuce iyakar `int`, don haka `Files.readAllBytes` ba za ta ɗauki abin da ya haura GiB 2 ba. Ƙirga tana da amfani ne kawai inda babu wanda zai faɗa maka nauyi, kamar bayanin da ke kwararowa ta bututu (`pipe`) daga wata manhaja. A nan karanta gutsure-gutsure, KB 64 zuwa MB 1, kana tarawa a lamba mai bit 64.

9. Na sayi filash an rubuta GB 64, kwamfuta ta ce 59.6. An cuce ni ne?

Ba lallai ba. Masu ƙera faifai suna ƙirga GB a matsayin bayit 1,000,000,000, Windows kuwa tana rabawa da 1,073,741,824 amma ta rubuta GB. Raba 64,000,000,000 da wannan, 59.6 za ka samu. Da haka faifan TB 1 ke fitowa 931, DVD mai 4.7 ya fito 4.38. Hukumar IEC ta fito da KiB da MiB da GiB a 1998 domin raba gardamar, macOS kuma tun 2009 da dubu-dubu take ƙirga. A manhajarka zaɓi ɗaya, ka rubuta alamar da ta dace da shi, kuma duk kwatanci ka yi shi da bayit.

Jabun filash wani abu ne daban. Shi yana shelar girman da ba shi da shi, ya karɓi fayil, nauyi ya fito daidai, cikin kuwa ya lalace. Duba nauyi ba ya kama shi, sai an karanto abin da aka rubuta an kwatanta, kamar yadda ke tambaya ta 12.

10. Me ya sa `ls -l` da `du` suke saɓawa?

Abu biyu suke aunawa. `ls -l` tana faɗin tsawon fayil, `du` tana faɗin filin da ya ci a faifai, kamar layi biyun da Windows ke nunawa a bayanin fayil. Faifai gida-gida ake raba shi, galibi bayit 4,096, don haka ƙaramin fayil kan ci fiye da nauyinsa. Akasin haka ma na faruwa: fayil mai rami, wanda wuraren sifilinsa ba a ba su gida ba, yana iya zama GB 100 a tsawo amma 'yan KB a faifai. Faifan injin kwaikwayo na VirtualBox ko QEMU da wasu rumbunan bayanai sukan zo da irin wannan saɓani. A kod, `st_size` tsawo ne, `st_blocks` sau 512 kuma fili ne a Linux. A Windows `GetCompressedFileSize` ke ba da na biyun. In za ka tura fayil ta intanet tsawo kake so, in kana lissafin ko faifai zai cika, fili.

11. Filash yana da fili GB 20, amma ya ƙi karɓar bidiyon GB 5. Kod ɗina ne?

A'a, tsarin FAT32 ne. Bit 32 ya ware wa nauyi, don haka fayil guda ba ya wuce bayit 4,294,967,295. Yawancin ƙananan filash da memori masu GB 32 zuwa ƙasa da shi suke zuwa, shi ya sa kyamarori ke yanyanka dogon ɗauka gida-gida ƙasa da GB 4. Mafita exFAT ko NTFS. Sake tsarawa yana goge komai, sai a kwashe kaya tukuna. Manhaja mai hankali tana duba tsarin faifan da za ta rubuta a kai kafin ta fara, kada mutum ya jira minti ashirin sannan a ce masa bai yiwu ba.

Wasu nau'ikan fayil ma suna ɗauke da iyakar a jikinsu. Tsohon ZIP yana tsayawa a GiB 4 sai da ZIP64. Gzip yana rubuta nauyin asali a bayit huɗu na ƙarshe, don haka lambar tana juyawa kamar a tambaya ta 2, kuma `gzip -l` ta daɗe tana ba da amsar ƙarya kafin a gyara ta a bugu na 1.12. WAV ma haka: sauti mai ingancin CD yana cin bayit 176,400 a daƙiƙa, sai ya ƙure GiB 4 cikin kusan awa shida da minti arba'in da biyar, rabin haka a manhajar da ke tsayawa a GiB 2. Mai naɗar tafsiri ko taron yini guda ya raba shi zama-zama, ko ya koma RF64.

12. Ta yaya zan san nauyin fayil kafin in sauke shi, kuma in tabbatar ya sauka duka?

Aika buƙatar `HEAD`, ko `curl -I`, ka karanta `Content-Length`. Rubutu ne, sai ka fassara shi zuwa lamba mai bit 64: `atoi` da `Integer.parseInt` ba za su ɗauka ba, `strtoll` da `Long.parseLong` ake so. A Java `getContentLength()` tana ba da −1 idan nauyin ya fi ƙarfin `int`, akwai `getContentLengthLong()` tun Java 7. Wata sabar ba ta faɗin nauyi sam saboda gutsure-gutsure take aikowa, wata kuma nauyin matsattsen bayani take faɗi. Shirya wa duka biyun.

Daidaituwar nauyi ba hujja ba ce cewa ciki lafiya. Wasu manhajojin saukewa suna kama filin duka tun farko, don haka in aka ɗauke wuta ko data ta ƙare a tsakiya, fayil zai nuna cikakken nauyi alhali rabinsa sifili ne. Kwatanta SHA-256, lambar da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil, ta asali da ta kwafin: `sha256sum` a Linux, `certutil -hashfile suna SHA256` a Windows.

13. Nauyin yana canzawa duk lokacin da na tambaya, wani lokaci kuma sifili ne.

In yana canzawa, wani yana kan rubutu a ciki, kamar na'urar CCTV ko kwafin da bai ƙare ba. Amsar da ka samu ta wannan daƙiƙar ce kawai. Buɗe fayil ɗin tukuna ka tambayi nauyi ta hannun da ka buɗe, kuma wajen karatu ka tsaya inda fayil ya ce ya ƙare, ba inda tsohuwar lamba ta ce ba. A NTFS jerin da `FindFirstFile` ke bayarwa yana iya zama a baya muddin mai rubutu bai rufe ba. In kai ne mai rubutun, rubuta da sunan wucin gadi, ka sauya suna bayan ka rufe, don kada wani ya ɗauki ɗanye.

Sifili kuma yakan nuna cewa abin ba fayil na yau da kullum ba ne. Na cikin `/proc` da faifai sukutum kamar `/dev/sda` duk 0 suke nunawa a `st_size`, bututu ma ba shi da tsawon da za a tambaya. Na faifai ana samunsa da `blockdev --getsize64`. Duba `S_ISREG` kafin ka yarda da lambar. Ga mahaɗar alama (`symlink`, fayil da ke nuni zuwa wani fayil) kuwa, `stat` tana bin ta zuwa ainihin fayil, `lstat` tana auna mahaɗar kanta.

14. Ta yaya zan gwada ba tare da na nemo ƙaton bidiyo ba?

Ƙirƙira shi. A Linux `truncate -s 5G gwaji.bin` yana ba ka fayil mai rami nan take, ba ya cin fili. A Windows `fsutil file createnew gwaji.bin 5368709120` ma da sauri yake, amma shi yana kama filin, sai ka goge bayan gwaji.

Gwada da nauyi shida: 0, sai 2,147,483,647 da 2,147,483,648, sai 4,294,967,295 da 4,294,967,296, sai 5,368,709,120. Kowanne ka bi shi har ƙarshen hanya: abin da aka karanto, abin da ya shiga tebur, abin da allo ya nuna, da nauyin kwafin da ya fita. Ƙara da fayil da babu shi da wanda ba ka da izinin buɗewa, ka ga ko manhajar za ta kawo kuskure ko za ta yi shiru ta ce 0. A GCC da Clang kunna `-Wconversion`, a Visual Studio kada ka kashe gargaɗin C4244, su ne ke nuna layin da ake matse bit 64 cikin 32. Sannan sa `static_assert(sizeof(off_t) == 8, "off_t ya yi kaɗan")` a kod ɗin, domin ranar da wani ya haɗa shi a ƙaramin inji ya manta alamar tambaya ta 4, haɗawar ta tsaya tun a teburinsa.